Na suma a kan tsohon jirgin da ya nutse, ban gaya wa kowa ba

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 29, ina da mata da 'ya ɗaya. Akwai wani tsohon jirgin dakon kaya da ya nutse tun da daɗewa, bai fi mita 150 daga gaɓar teku ba. Samansa na zurfin mita biyar, gindinsa na kan yashi a mita tara. Shekara uku ke nan ina zuwa wurinsa da iyo tun daga gaɓa, in riƙe numfashi in nutsa, ba tulun iska. Da can tare da wani abokina muke zuwa, amma mun ɓata. Ya ce ba zai ƙara bina ba muddin ina yin haki da gangan kafin in nutsa, kuma ina maganar shiga ɗakin matuƙin jirgin ta ƙofa in fita ta taga. Na kira shi matsoraci a gaban mutane. Tun daga nan ni kaɗai nake zuwa. Watan jiya na daɗe a bakin ƙofar ina leƙe, da na taso sai na ga duhu yana rufo ni ta gefen ido. Ban san abin da ya biyo baya ba, sai tsintar kaina na yi a rigingine a kan ruwa ina tari, bakina duk gishiri. Ban gaya wa kowa ba, har maiɗakina. Tambayata biyu ce. Wace dabara za ta ƙara mini tsawon numfashi in samu in ratsa ɗakin nan, tunda bai fi mita shida ba? Kuma in gaya mata, alhali na san za ta raba ni da ruwa gaba ɗaya?

Wa alaikumus salam, ƙanina. Barka da arziki. Da zuciya ɗaya na faɗi haka, domin abin da ya same ka watan jiya ya wuce jiri, ya wuce gajiya. Suma ka yi a cikin ruwa. 'Yan daƙiƙun nan da suka ɓace maka, ƙwaƙwalwarka ce ta ɗauke saboda iskar oksijin da ke jininka ta yi ƙasa ƙwarai. Abin da Allah Ya sa ya zama sanadin tsirarka shi ne yadda jikinka ya kwanta, a rigingine, hanci a sama. Da a kife ka kwanta, da fuskarka na cikin ruwa lokacin da jiki ya fizgi numfashin farko, da kuma wasiƙar nan ba ta iso gare ni ba. Kuma ba kai ka zaɓi yadda za ka kwanta ba.

Tambayarka ta farko ba zan amsa ta yadda kake so ba. In na koya maka yadda za ka ƙara daɗewa a ƙasa alhali kai kaɗai kake zuwa, na sa hannu a abin da zai same ka. Amma hana ka kawai ba zai wadatar ba, na san halin mai son ruwa. Gara in bayyana maka abin da ke faruwa a cikin jikinka, ka yi wa kanka hukunci.

Mu fara da hakin nan da abokinka ya ƙi. Yawancin mutane suna zaton ƙarancin oksijin ne ke sa mai riƙe numfashi ya ji ƙirjinsa na zafi, maƙogwaronsa na motsi, cikinsa na zillo. Ba haka abin yake ba. Jiki bai cika jin ƙarancin oksijin da wuri ba. Abin da yake ji nan da nan shi ne taruwar iskar kabon, wato gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa duk numfashi. Ita ce mai gadin da ke buga maka ƙofa yana cewa tashi, lokaci ya yi. To idan ka tsaya a kan ruwa ka ja numfashi ashirin ko talatin da sauri-sauri, kusan ba ka ƙara wa jininka komai ba, domin jinin mai lafiya dama a cike yake, kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari tun yana zaune bai yi komai ba. Tulun da ya cika ba ya karɓar ƙari. Abin da ka yi kawai shi ne ka kwashe iskar kabon daga jininka, ka ɗaure bakin mai gadin. Sai ka nutsa kana jin daɗi, ƙirji ba zafi, kana ganin ka ƙware, alhali oksijin na tsiyayewa kamar kullum, sai dai yanzu babu mai sanar da kai. Har wa yau hakin na tsuke jijiyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma sa jini ya ƙanƙame oksijin ɗin da ke cikinsa ya ƙi sakar wa jiki da sauƙi. In ka taɓa jin yatsunka ko leɓɓanka na tsirawa kamar ana tsira musu allura, ko kanka ya yi sakayau kafin ka nutsa, to alamar ke nan. Wasu na ɗaukarta alamar shiri ya kammala. Ni in na ji haka a jikina, fasa nutson nake yi in huta.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1961 wani likita a Amurka, Albert Craig, ya yi bincike ya nuna yadda haki kafin nutso ke kai mutum ga suma ba gargaɗi. A 1976 ya tattara labarin mutum 58 da hakan ta same su. Kusan dukansu samari ne, gwanayen iyo, kuma galibinsu a tafkin wanka na gini abin ya faru, ruwan da mutum kan iya miƙewa tsaye a wani ɓangarensa. Ka ga ke nan maganar cewa ai mita tara ne kawai ba ta da inda za ta tsaya.

Hasali ma, mita taran nan su ne wurin da ya fi yaudara. Kowace mita goma ta ruwan teku tana ɗora maka matsi daidai da nauyin duk iskar da ke samanmu. A gindin jirgin nan naka, matsin da ke kanka ya kusa ninka na sama, huhunka kuma ya matse ya koma kusan rabin girmansa. Dokar da Robert Boyle ya bayyana ke nan tun 1662. Da huhu ya matse, ɗan oksijin ɗin da ya rage a ciki sai ya taru wuri ɗaya, ya riƙa shiga jini da ƙarfi. Shi ya sa a bakin ƙofar nan kake jin garau, kamar za ka iya ƙara minti guda. Rance ruwa ya ba ka. Da ka juya ka nufi sama, matsin na raguwa, huhu na buɗewa, oksijin ɗin na tsinkewa, sai ruwa ya karɓe bashinsa gaba ɗaya a 'yan mitocin ƙarshe. Wanda ya taso daga mita 30 zuwa 20, huhunsa da kashi ɗaya cikin uku kawai yake ƙaruwa. Wanda ya taso daga mita goma zuwa sama, ninkawa yake. Babu inda canjin ya kai na nan tsanani, kuma a nan kake wasanka kullum. Don haka ne yawancin sumar masu nutso ke zuwa dab da fitowa, ko bayan kai ya riga ya ɓullo, mutum ya ja numfashi ɗaya ko biyu, domin sabuwar iskar na ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ta isa ƙwaƙwalwa. Duhun da ka gani ta gefen ido ya zo ne a makare. Wasu ma ba sa ganin komai.

Ga abin da nake so ya zauna maka fiye da komai a amsar nan. Suma a ruwa abu ne mai sauƙin magani in akwai mutum a kusa da kai, abu ne mai kisa in babu. Tsakanin biyun babu wata dabara, babu kayan aiki, babu ƙwarewa da za ta shiga. Masu wannan wasa suna da ƙa'ida guda da ba a sassautawa: ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. In ka nutsa, abokinka na kwance a kan ruwa idonsa a kanka, bai nutsa ba, bai kalli kifi ba, bai ɗauki hoto ba. In ka taso, yana kusa da kai iya miƙa hannu, yana kallon fuskarka na aƙalla daƙiƙa talatin, ko da ka ce lafiya lau. Sai ya tabbata ka dawo sosai, sannan shi ma ya shirya ya nutsa kai ka tsare shi. In ka suma, aikinsa kaɗan ne: ya tallafe kanka hanci da baki su fita daga ruwa, ya cire maka gilashin fuska, ya hura maka iska a fuska, ya ɗan bubbuga kumatunka, ya kira sunanka yana cewa ka yi numfashi. Mafi yawan lokuta cikin 'yan daƙiƙu mutum ke farfaɗowa. In bai farfaɗo ba, a hura masa numfashi baki da baki, a ja shi gaɓa, a kira masu agajin gaggawa.

Na taɓa riƙe kan mutum haka. Ya fito daga zurfin da bai kai na jirginka ba, ya ɗaga mini hannu alamar lafiya, har da murmushi. Ina kallonsa sai kansa ya fara kaɗawa kamar mai gyangyaɗi, leɓɓansa sun canza launi, fuskarsa ta tafi cikin ruwa a hankali. Ba ihu, ba fafutuka. Na sa hannu a haɓarsa na ɗago shi, na cire gilashin, na kira sunansa, bai fi daƙiƙa goma ba ya buɗe ido. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rantsuwar da ya yi ta yi cewa bai suma ba, me ya sa nake riƙe da shi. Har ga Allah bai san ya tafi ba. Shi ya sa nake tambayar kaina, a watannin nan da kake zuwa kai kaɗai, sau nawa ka taɓa bakin wannan ramin ba ka sani ba.

Kada kuma ka ce ai gaɓa na kusa, akwai mutane. Ka tsaya a gaɓa wata rana ka hangi mai iyo a nisan mita 150. Wanda ya suma da wanda ke kallon kifi ta gilashi kamarsu ɗaya: dukansu a kwance a kan ruwa, fuska ƙasa, ba motsi. Kafin wani ya yi zargin akwai matsala, ya shiga ruwa, ya iso gare ka, mintuna huɗu zuwa shida da ƙwaƙwalwa ke iya jurewa ba oksijin sun wuce. Kusancin gaɓar nan shi ya sa ka saki jiki, kuma ranar da ka suma bai amfane ka da komai ba.

Ka dubi waɗanda suka fi mu sanin ruwa. A gasar nutso ta ƙungiyar AIDA, wadda aka kafa a 1992, zakaran duniya ma ba ya tasowa shi kaɗai. Masu tsaro na sauka su tarye shi a hanya, su rako shi fuska da fuska har sama, kuma yana da daƙiƙa 15 ya cire abin da ke fuskarsa, ya nuna alamar lafiya da hannu, ya faɗa da baki, in ya kasa an soke nutson. Matan tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, waɗanda UNESCO ta sa sana'arsu cikin al'adun duniya a 2016, suna nutsawa zuwa wajen mita goma, zurfin jirginka ke nan, wasunsu sun haura shekara saba'in suna yi. A ƙungiya suke shiga ruwa, kowace idonta na kan 'yar'uwarta. Ita kuwa Natalia Molchanova ta Rasha, wadda ta kafa tarihin duniya sau 41, ta taɓa riƙe numfashi sama da minti tara, ranar 2 ga Agusta 2015 ta nutsa kusa da tsibirin Formentera na Sifen, nutson nishaɗi ba na gasa ba, a zurfin da a wurinta ba komai ba ne. Ba ta fito ba, har yau ba a ga gawarta ba. Ruwa na cin gwani.

Yanzu ɗakin matuƙi. Na san abin da ke jan ka. Ƙofa a buɗe, haske na shigowa ta tagar can gefe, mita shida kacal, a fili kana yin ninkinsu ba tare da ka ji komai ba. Amma mai nutso da numfashi ɗaya hanyar tsira guda gare shi, ita ce sama. Duk abin da ya faru, ƙafa ta ɗaure, ruwa ya shiga gilashi, tsoro ya kama shi, maganin ɗaya ne, ya miƙe sama. Ranar da ka sa rufin ƙarfe tsakaninka da sama, ka toshe hanyar da hannunka.

Ka san abin da ke kwance a ƙasan ɗakin da ya yi shekaru a ruwa? Laka ce mai laushi kamar toka, da garin tsatsa. Daga waje ruwan ciki garai-garai yake domin ba mai motsa shi. Bugun ƙafa biyu ya isa ya tayar da ita, sai hasken tagar da kake bi ya ɓace, ka rasa gaba ka rasa baya, wani lokaci har sama da ƙasa su rikice maka. A cikin duhun akwai wayoyin da suka saki daga rufi, bututun da suka karye, da zaren fatsa na roba wanda ko a ruwa mai haske ba a ganinsa, domin tsohon jirgi matattarar kifi ce, inda kifi ya taru kuwa masunta sun bar ƙugiya da guntun raga. Ga tagar kanta. Da ido ka auna ta, kuma gilashin nutso na ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ɗamarar dalmar da ke ƙugunka don ƙara maka nauyi wajen nutso na iya maƙalewa a bakinta kai da kafaɗa na waje. Ga kuma turin igiyar ruwa, wanda a zurfin mita biyar zuwa tara yana da ƙarfi sosai, kuma in ya bi ta ƙaramar kafa yakan fizgi mutum ya maka shi da ƙarfe mai kaifi. Da zarar ka maƙale, tsoro zai sa zuciya ta yi ta dukan uku-uku, oksijin ɗin minti guda ya ƙone cikin daƙiƙu kaɗan. Ko da abokinka na sama, ba ya ganin ka, kuma in ya bi ka ciki gawa biyu ake nema.

Masu tulun iska da ke shiga cikin jirage sai sun yi horo na musamman. Suna jan zare tun daga ƙofa don su bi shi su fito ko da ba sa gani, suna riƙe fitila fiye da ɗaya, suna raba iskarsu uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Duk da haka cikin jirgi na kashe su. Kai numfashi ɗaya gare ka, ba ya rabuwa uku. In kuma ka taɓa jin an ce akwai iskar da ke maƙale a rufin ɗakuna ana iya shaƙa, kada ka kuskura. Tsatsa da ruɓa kan cinye oksijin ɗin cikinta, kuma iskar da aka shaƙa a ƙasa matsattsiya ce, in ka taso da ita a ƙirji baki rufe za ta kumbura ta yaga huhu. Saboda wannan dalilin ne ma ba a karɓar iska daga mai tulu a ƙasa.

Gaskiya ne akwai ƙwararrun da ke ratsa wasu jirage da numfashi ɗaya. Galibi jirage ne da aka nutsar da gangan don masu nutso, an kwashe wayoyi, an cire ƙofofi, an yanka manyan kafofi, kuma da mai tsaro a mashiga da mafita. Naka haɗari ne ya kai shi ƙasa da komatsansa. Kuma jirgin da ke ruwa ba a tsaye yake cak ba, kullum cikin rushewa yake. Jirgin Liberty na sojan Amurka da ke Tulamben a tsibirin Bali, wanda masu nutso ke shiga daga gaɓa da ƙafa, wani jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa na Japan ne ya harbe shi a Janairun 1942, aka ja shi zuwa gaɓa ya zauna shekara 21, sai girgizar aman wutar dutsen Agung a 1963 ta zame da shi cikin ruwa. Um El Faroud, tankar man Libiya da aka nutsar a Malta a 1998, bayan 'yan shekaru guguwar teku ta raba ta biyu. Ƙofar da ka leƙa bara, bana wani ƙarfe na iya rataye a bayanta yana jiran taɓawa.

Ban ce ka bar jirgin ba. Ni ma na san daɗin da ke cikin sauka a hankali ba ƙarar komai, ka ga gangar jirgi na fitowa daga cikin shuɗin ruwa, ƙananan kifi na buɗe maka hanya. Duk wannan a waje yake. Rayuwar tsohon jirgi a fatarsa take, inda haske ke sauka, murjani da ciyayi suka kama, kifi ke kiwo. Ka zaga shi, ka leƙa ta taga da fitila daga waje, ka bar hannunka a jikinka, domin ramukansa gidan kifaye masu dafi ne da masu cizo. Kada ka ɗauko komai. Ƙasashe da dama sun haramta, yarjejeniyar UNESCO ta 2001 na kare duk abin tarihi da ya shekara ɗari a ruwa, wasu jiragen kaburburan mutane ne, wasu kuma na ɗauke da makamai. Jirgin Richard Montgomery da ya nutse a bakin kogin Thames na Ingila a 1944 har yau yana da kimanin tan 1,400 na abubuwan fashewa, an hana kowa kusantarsa. Ka binciki tarihin naka.

Hanyar zuwa ma tana da nata. Mita 150 na tafiya da sabon ƙarfi ake yinsu, na dawowa da gajiya da sanyi. Ka san lokacin cikar teku da janyewarta, ka shiga a ɗan tsakanin da ruwa ke lafawa, ka kuma tuna jan ruwa ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa. A Tangalooma ta Ostareliya jirage 15 ne a jere dab da gaɓa, ana hangensu daga yashi, amma gargaɗin da ake yi wa kowa a kan jan ruwan ɗan tsakanin nan ne. In ruwa ya ja ka ciki kada ka yi kokawa da shi, ka bi gefe daidai da gaɓa har ka fita daga bakinsa. Ku ja gorar roba mai tuta, ku sami abin kamawa ku huta, masu jirgin inji kuma su gan ku. Dalmar ɗamararka ta zama kaɗan, yadda ko ka fitar da numfashi a sama ba za ka nutse ba, kuma ta zama mai kwancewa da hannu ɗaya. Ina kyautata zaton rashin nauyin dalma na cikin abin da ya bar ka a sama ran nan. Ka cire bututun shaƙa, wanda ake numfashi da shi a saman ruwa, daga baki kafin ka nutsa, in an suma da shi hanyar ruwa yake zama zuwa maƙogwaro. Ka riƙe abin yanka zare inda kowane hannu zai kai, ka sa safar hannu, ka sabunta allurar tetanus. Ka daidaita matsin kunne, wato ka toshe hanci ka ɗan hura a hankali, tun mitar farko kafin ya yi zafi, ranar mura kuma ka zauna a gida. Tsakanin nutso da nutso ka huta aƙalla ninki biyu na lokacin da ka yi a ƙasa, uku ya fi.

Tsawon numfashi na gaskiya kuwa daga natsuwa yake zuwa. Mutum ya kwanta a kan ruwa minti biyu yana numfashinsa na kullum, jiki a sake, ya ja cikakke guda ɗaya, ya sauka ba gaggawa. Jiki na da nasa tanadin: fuska na taɓa ruwa bugun zuciya ya ragu, jini ya janye daga hannu da ƙafa ya koma ƙirji da kai, saifa ta matso ƙarin jini. Haki da zumuɗi na ɓata wannan tanadin. Ana koyon sa a gaban malami mai shaidar koyarwa daga ƙungiya irin AIDA ko CMAS, a kwas na kwana biyu ko uku, kuma babban abin da za ka fito da shi daga can shi ne yadda ake ceton wanda ya suma. Kafin kwas ɗin, ka ga likita ka gaya masa komai ba ragi. Na fi zaton haki da daɗewa ne suka sumar da kai, amma akwai cututtukan bugun zuciya da iyo ke tayarwa, akwai farfaɗiya, gara a auna zuciyarka a saurari huhunka tunda ka shaƙi ruwa.

Abokinka ba matsoraci ba ne. Abubuwa biyun da ya ƙi, su ne daidai abubuwa biyun da kowane malamin nutso zai hana ka ranar farko. Ya gwammace ya rasa abota da ya tsaya yana kallo ka mutu a gabansa, ko ya bi ka cikin ɗakin nan ya bar nasa iyalin. Ba kowa ke samun irinsa ba. A gaban mutane ka muzanta shi, a gabansu ya kamata ka wanke shi. Amma ka fara samunsa shi kaɗai, ka ce masa gaskiyarka ce, na suma watan jiya, ka yafe mini. Kada ka haɗa neman gafarar da roƙon ya dawo ruwa, ka bar masa wannan ya yanke da kansa. In ya dawo, ku yi kwas ɗin tare, domin tsaron wanda bai iya ceto ba rabin tsaro ne. In bai dawo ba, yana da hujja, sai ka nemi ƙungiyar masu nutso ka shiga. Ranar da ba ka sami abokin tafiya ba, babu nutso.

Maiɗakinka kuma, ƙwarai, ka gaya mata, kuma kada ya wuce makon nan. Zurfin cikin nan ya fi ba ni tsoro a kan zurfin ruwan, domin shi ya ba ka damar ci gaba da shirin shiga ɗakin bayan abin da ya faru. Ka ce kana tsoron za ta raba ka da ruwa. Ka duba ta ɗaya gefen: wata guda tana yi maka a dawo lafiya ba ta san ranar nan saura ƙiris ta zama mai takaba ba, 'yarku ta tashi marainiya. Ita ce za ta ɗauki nauyin abin in ya faru, tana da haƙƙin sanin girmansa. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ɓoyewar ta fi yi mata zafi a kan sumar. Ka bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta, kada ka kare kanka, kada ka ce ai ba wani abu ba ne. In ta ce ka dakata wata uku ko shida, ka dakata, dama likita da kwas za su ci lokaci. Bayan ta huce ka zo mata da alkawuran da za ta iya gani da idonta: ka bar haki, ka bar maganar shiga cikin jirgi har abada, za ta san wanda kuka tafi tare da lambar wayarsa, da lokacin fitowarku, da wanda za ta kira in lokacin ya wuce ba ta ji ku ba.

Daren da kuka yi maganar, ka ɗauko gilashin da takalman iyon ka ba ta ta ajiye a wurinta. Ranar da abokin nutsonka ya zo ƙofar gida da kansa ya yi sallama, ranar za ta miƙo maka su.